A Buɗe Wa Yara Fadojin Loire, Amma A Ba Su Labarin Duka

Duk shekara, a ƙarshen mako na uku na watan Satumba, Faransa takan buɗe wa jama'a gine-ginenta na tarihi. An fara wannan al'ada a 1984, zamanin da Jack Lang yake ministan al'adu, daga baya sauran ƙasashen Turai suka bi sahu. A kwarin Kogin Loire, inda sarakunan Faransa da manyan fadawansu suka jera ƙasaitattun fadoji a ƙarni na 16, lokacin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai, waɗannan kwanaki biyu sun zama na iyali. Wani wurin a shiga kyauta, wani a rage kuɗin tikiti, a shirya wa yara wasanni, a ara musu tufafin mutanen da. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Inda nake da ja shi ne irin labarin da ake ba yaran idan sun shiga.

Wanda duk ya ɗauka alfarma ake yi wa talaka da wannan rana, ya je fadar Chambord ya gani. Sarki François na Ɗaya ne ya sa aka fara gininta a 1519. Ɗakunanta sun haura 400, katangar da ta kewaye dajinta ta kai tsawon kilomita 32, amma kwanakin da sarkin ya yi a ciki har ya mutu a 1547 ba su wuce 'yan makonni ba. Gidan farauta ne da nuna isa, ba gidan zama ba. Kuɗin kuwa daga harajin manoma ya fito, har da harajin gishiri da ya addabi mutanen karkara. Saboda haka idan ɗan direban bas daga garin Blois ya taka wannan fada yau, gumin kakanninsa ya zo dubawa. Tun 1930 ma ginin mallakar gwamnati ne.

Abin da yaro yake samu a wurin ba ƙarami ba ne. A tsakiyar Chambord akwai matakala mai hawa biyu da suka murɗe juna. Yara biyu za su kama hawa, kowa ta ƙofarsa, suna hango juna ta 'yan tagogin da ke tsakiya, suna kiran suna, amma ba za su haɗu ba sai sun kai sama. Na ga wata yarinya ta sauko ta sake hawa, ta tsaya tana juya yatsunta biyu a iska, so take ta gane yadda aka yi ƙanenta ya ɓace mata alhali tana jin muryarsa. Babu allon makaranta da zai koya mata wannan lissafi kamar yadda ƙafarta ta koya mata. Masana da yawa suna ganin hannun Leonardo da Vinci a wannan tsari, domin ya yi shekarunsa uku na ƙarshe a gidan Clos Lucé da ke Amboise, ya mutu a Mayun 1519, 'yan watanni kafin a aza harsashin ginin.

To, ga inda matsalar take. A galibin shirye-shiryen da ake yi wa yara, kowane yaro yarima ne, kowace yarinya gimbiya. A ɗora masa hula mai gashin tsuntsu, a miƙa masa takobin katako, a ɗauki hoto. Da wuya ka ga an ba yaro kurfi da guduma an ce yau kai magini ne. Alhali kuwa ma'aikata wajen 1,800 ne suka yi aikin Chambord, suna sassaƙa farin dutse mai laushi da jiragen ruwa suke kawowa ta kogi, kuma wasunsu sun bar alamominsu a jikin duwatsun don a lissafa ladansu. Yaron da aka nuna masa irin wannan alama ya ɗora yatsa a kusa da ita ya fi wanda aka naɗa yariman wasa fahimtar yadda gini yake tashi.

Haka abin yake a Chenonceau, fadar da ta ratsa Kogin Cher a kan gada. Kowa yana son labarin kishin da ke tsakanin Diane de Poitiers, farkar Sarki Henri na Biyu, da matarsa Catherine de Médicis wadda ta ƙwace gidan bayan mutuwarsa a 1559. Amma madafin gidan yana can ƙasa, a cikin ginshiƙan da suka tokare ginin a ruwa, inda kwale-kwale yake tsayawa a sauke kayan abinci. Dogon zauren da ke saman gada, mai tsawon mita 60, asibiti ya zama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka yi jinyar sojoji sama da 2,000. A Yaƙi na Biyu kuma kogin ne ya zama iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, mutane suka riƙa shiga ta ƙofa ɗaya suna tsira ta ɗayar. Wane yaro ne wannan labari ba zai kama ba?

Labarin da ya fi tsaya mini a rai yana fadar Amboise. A nan Faransa ta tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852. Ya ajiye makamin yaƙinsa da Faransa ne a ƙarshen 1847 bisa alƙawarin za a kai shi Iskandariyya ko Akka, aka saɓa alƙawarin, aka kawo shi da iyalinsa da mabiyansa cikin waɗannan ɗakuna masu sanyi da laima. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu a wurin, da yawansu mata da ƙananan yara, kuma a harabar fadar aka binne su. A 2005 mai zane ɗan Aljeriya Rachid Koraïchi ya tsara musu wani lambu da duwatsu 25, kowane mamaci da nasa. Wurin yana can gefe, bayan manyan lambuna. Jama'a sukan yi cincirindo a kabarin Leonardo da ke ƙaramin cocin Saint-Hubert, ƙalilan ne suke ƙarasawa can. Wannan Amir ɗin dai shi ne, bayan an sake shi, ya ba dubban Kiristoci mafaka a Dimashƙu a rikicin 1860. Yaron Faransa, ko sunansa Luc ko Musa, ya cancanci ya ji wannan a ranar da aka ce ta gadon ƙasa ce.

Za a ce ranar hutu ce, kada a ɗora wa yara nauyin baƙin ciki. Ban yarda ba. A fadar Blois ana nuna wa yara ɗakin da aka daddatsa basaraken Guise da takubba a 1588 bisa umarnin Sarki Henri na Uku, ba wanda ya ce abin ya fi ƙarfinsu. Idan za su iya jin kisan basarake, za su iya jin mutuwar jaririyar fursuna.

Akwai kuma maganar da masu shiri ba su cika son tayarwa ba, wato hanya. Chambord ba ta da tashar jirgin ƙasa, sai ka sauka a Blois ka nemi mota. Iyalin da ba su da mota, ga yara huɗu, ga kuɗin abinci, buɗe musu ƙofa kyauta bai kai su bakin ƙofar ba. Hukumomin yankin su tanadi bas-bas daga unguwannin talakawa na Tours da Orléans a waɗannan kwanaki biyu, su sanar ta makarantu tun farkon zango.

Mu ma iyaye 'yan Nijar da Najeriya da ke zaune a Faransa muna da namu kason. Da yawanmu muna ganin waɗannan wurare na Turawa ne da 'yan yawon buɗe ido, har mu shekara goma a gari ba mu leƙa ba. 'Ya'yanmu kuwa a nan suke karatu, tarihin nan ake tambayarsu a jarrabawa. A Satumba mai zuwa a haɗa kuɗin mota da maƙwabta, a ɗauki guzuri, a kai su Amboise, kuma kada a juyo daga kabarin Leonardo sai an ƙarasa lambun an yi wa mamatan fatiha.