Mutumin da ya yi wa murfin kwalba jana'iza

Na san wasu da sun ga inda na dosa yau za su ce, "Af! Malam kuma me ya kai shi maganar giya?" To ku kwantar da hankalinku. Giya haramun ce a addinina, ban sha ba, ba kuma zan ce wa kowa ya sha ba. Amma Hausawa sun ce ilimi gishirin zaman duniya, kuma labarin da zan ba ku labari ne na ciniki da raha, da yadda wasa da mai saye ke iya ɗaga mutum, ya kuma iya kayar da shi.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, kusa da garin Santa Cruz, akwai wani kamfanin giyar inabi mai suna Bonny Doon. Wani mutum ne Randall Grahm ya kafa shi a 1983. Shi wannan bawan Allah falsafa ya fara karantawa a jami'a, kuma mayen littattafai ne. Harkar da ya shiga kuwa harka ce ta masu ɗaga hanci. A wurin Turawa giyar inabi abin nuna isa ce: a juya kofi, a sansana, a lumshe ido, a yi ta zuba kalmomin Faransanci. A lokacin akwai ma masu sharhi irin su Robert Parker da ke ba kowace kwalba maki cikin ɗari, kuma makin nan shi ke ɗaga farashi ko ya karya shi. Talakan mai saye kuwa in ya shiga kanti sai ya tsargu, yana tsoron kada ya zaɓi abin da za a yi masa dariya.

Grahm ya duba wannan duka ya ce shi da wasa zai shigo. Giyarsa da ta fi suna ya raɗa mata Le Cigare Volant, wato sigari mai tashi sama. Asalin sunan shi kansa abin dariya ne. A 1954 an yi ta raɗe-raɗi a Faransa wai ana ganin jiragen wasu halittu daga wata duniyar, har magajin garin Châteauneuf-du-Pape, garin da ya shahara da inabi, ya kafa dokar hana irin waɗannan jirage sauka a yankinsa. Sai Grahm ya sa aka zana gonar inabi a jikin kwalbarsa, ga jirgin nan yana shawagi a bisa. Wata giyar kuma ya kira ta Big House, laƙabin da Amurkawa ke yi wa kurkuku, domin gonar tana kusa da gidan yarin Soledad. A 1989 mujallar Wine Spectator ta buga hotonsa a bango, ya yi shigar kaboyi, ya rufe ido da ƙyalle, ga doki a gefe.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai son rubutu shi ne wasiƙun da yake aika wa masu sayen kayansa. Maimakon jerin farashi, sai ya ɗauko manyan ayyukan adabin Turawa, irin na Dante, ya juya su ya mayar da su barkwanci a kan masu harkar giya da masu ba da maki. Mutane suka riƙa ɗokin isowar wasiƙar kamar yadda muke ɗokin fitowar kashi na biyu na littafi. Daga baya an tattara rubuce-rubucen aka buga littafi mai suna Been Doon So Long a 2009.

Sai babban wasan, a 2002. Tun fil azal ana toshe bakin kwalbar giyar inabi da ɓawon wani itace da aka fi samu a Fotugal. Matsalar ita ce wani lokaci ɓawon kan ɗauko wani sinadari da ke sa abin da ke cikin kwalbar ya yi warin ɗakin da ya sha ruwa. Murfin ƙarfe mai murɗawa yana maganin wannan, amma masu ɗaga hanci suna ganin na kayan araha ne. Me Grahm ya yi? Sai ya shirya wa tsohuwar toshiyar jana'iza a birnin Niyok, da akwatin gawa da komai, har shahararriyar marubuciyar nan ta Ingila, Jancis Robinson, ta yi jawabin ta'aziyya. Aka yi dariya, jaridu suka ɗauka, shi kuwa ya koma murfin ƙarfe.

To ga ra'ayina. Raha iri biyu ce a wurin ɗan kasuwa. Akwai wadda take ɗauke da gaskiya, akwai kuma wadda take rufe rashinta. Jana'izar nan tana cikin kashi na farko. A ƙarƙashin dariyar akwai magana mai nauyi: kuɗinka ka biya, bai kamata a sayar maka da lalataccen kaya don kawai a kiyaye al'ada ba. Haka nan lokacin da ya fara rubuta duk abin da aka zuba a cikin kwalba a jikin takardarta, wajen 2008, alhali doka ba ta tilasta shi ba. Wannan wasa ne irin na taubasai, wanda za ka faɗa wa mutum gaskiya yana dariya, zumunci kuma ya ƙara ƙarfi. Ya ɗauki mai saye a matsayin mai hankali, ya cire masa tsoron manya. A nan kam na sara masa.

Amma fa komai ya yi yawa sai ya gundura. Wasan ya kawo kasuwa, kasuwa ta buɗe har kamfanin ya kai yana fitar da kusan katan 450,000 a shekara. Da yawan wannan kaya ba daga gonarsa ba ne, inabin wasu ake saye a haɗa, a liƙa masa suna mai ban dariya da zane mai kyau. Mutumin da ya shigo da burin yin abin da za a daɗe ana tunawa sai ya wayi gari an fi saninsa da iya talla. Mutane na sayen takardar jikin kwalba, ba su damu sosai da abin da ke ciki ba. Wanda kuma ya saba ba mutane dariya, ranar da ya zo da maganar gaske sai a yi ta jiran inda barkwancin zai ɓullo.

Wani zai ce, to ina laifi? Ai ciniki ya yi, riba ya ci, masu saye kuma ba su yi kuka ba. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Sai dai shi mai abin bai gamsu ba, kuma aikinsa ne ya nuna haka. A 2006 ya sayar da Big House da Cardinal Zin, waɗanda ke cikin manyan masu kawo masa kuɗi, ya rage kamfanin ya koma ɗan ƙarami. Ya sayi fili a San Juan Bautista ya kira shi Popelouchum, da niyyar tayar da sababbin irin inabi har 10,000 daga ƙwaya, aikin da ya san ba lalle ya ga ƙarshensa ba. A 2015 da ya nemi gudummawar wannan aiki ta intanet, jama'a suka zuba kuɗi. A 2020 kuma ya sayar da Bonny Doon ɗin kansa.

Ni a ganina wannan mataki na rage kasuwa ya fi duk barkwancinsa daraja. Ba kowa ke iya duban abin da ke cika masa aljihu ya ce wannan ba shi na zo yi ba. Kuma ku lura, da ya juya ga aikin gaske an samu masu mara masa baya. Dariya ce ta fara haɗa shi da mutane, amma gaskiyar da ya riƙa cusawa a cikinta ita ta sa suka yarda da shi.

Shi ya sa na kawo labarin nan gare mu masu rubutu da masu karatu. Bango mai ƙyalli da suna mai jan hankali suna sa a ɗauki littafi a buɗe, ba laifi ba ne, ni ma ina so. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai karatu ya kai shafi na ashirin bai tarar da komai ba, ba zai sake nemanka ba, ko da kuwa ka fi kowa iya wasa.

Wannan fahimtata ce, mai wata daban ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.