Mace a kujerar Kantaberi: me ya sa cocin Najeriya ya ce a'a?

 Ranar 3 ga Oktoba 2025 aka sanar daga Landan cewa Sarah Mullally, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, za ta zama Babban Bishop na Kantaberi, jagoran ɗarikar Angilika a duniya. Ita ce ta 106 a kan kujerar, kuma mace ta farko. Kafin a ce kwabo, cocin Angilika na Najeriya, ƙarƙashin Henry Ndukuba, ya ce bai lamunta ba. Dalili biyu ya kawo: kasancewarta mace, da goyon bayanta ga sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka. Yau na farkon za mu duba.

A wajen Angilika, kamar Katolika, limanci hawa uku ne: dikon, firist, sannan bishop. Mutum ba ya wayar gari ya ce shi firist ne. Sai bishop ya ɗora masa hannu a ka, ya yi addu'a. Shi ma bishop ɗin wasu bishop-bishop ne suka ɗora masa, a haka silsila take tafiya, a imaninsu, har zuwa ga manzannin Almasihu.

To, a nan gizo ke saƙar. In ka ce naɗin mace bai inganta ba, ka ce ke nan duk firist ɗin da ta ɗora wa hannu, ko namiji ne, naɗinsa da saura. Masu ƙi suna cewa Almasihu maza 12 ya zaɓa. Masu yarda kuwa suna tuna cewa Bulus ya ambaci wata mace, Fibi, a matsayin mai hidimar ikilisiya, kuma a Linjila Maryamu Magadaliya ce ta fara kai labarin tashin Almasihu.

Muhawarar ta daɗe. Tun 1944, ana tsakiyar yaƙi, bishop na Hong Kong ya naɗa Florence Li Tim-Oi firist. Cocin Ingila bai naɗa mata ba sai 1994, shekarar da Paparoma Yohanna Bulus na biyu ya ce Katolika ba su da ikon yin haka. Bishop mace ta farko a Ingila sai 2015. Kada kuma mu ɗauka bakin Afirka ɗaya ne: Eswatini ta samu bishop mace a 2012, ta riga Ingila, Kenya ma ta bi sahu a 2021.

Mu lura da abu guda: Babban Bishop na Kantaberi ba Paparoma ba ne, ba shi da ikon ba cocin Abuja umarni. Zumunci ne ya haɗa su, tun 1864 da aka ɗora wa Samuel Ajayi Crowther hannu a Kantaberi, ya zama bishop ɗin Angilika baƙar fata na farko. Hausawa kuwa sun ce zumunta a ƙafa take. Ranar da ta kira taron bishop-bishop na duniya, mu zuba ido mu ga ko na Najeriya za su taka. Nan ne za a san ko igiyar ta tsinke.