A adana aikin dukawa tun da sauran masu yi

A birnin Toronto na Kanada akwai gidan tarihin Bata, wanda aka buɗe a 1995, ba abin da ke cikinsa sai takalma da kayan da suka shafe su, sama da dubu 13. Mai karatu a Dauran ta jihar Zamfara zai iya cewa wannan aikin ƙoshi ne. Mu muna ganin ƙasar Hausa ta fi Toronto hujjar gina irinsa. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar takalman fata na cikin manyan hajojin da fatake ke fita da su, kuma fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato ce ta ratsa Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Faɗe, kubutai, huffi, takalmin gashin jimina na sarakuna, kowanne na nuna matsayin mai shi da gwanintar majemi da baduku.

Za a ce yankin Zurmi da Shinkafi na fama da 'yan bindiga, wa ke ta takalmi? Gaskiya ne, rai ne gaba. Sai dai matsalar ce ma ta sa abin ya zama na gaggawa: in ƙauye ya watse, baduku kan bar kayan aikinsa a baya, ga silifan roba sun riga sun cinye masa kasuwa. Kuma ba katafaren gini muke nema ba. Ɗaki guda a Kaura Namoda ya isa, a tattara tsofaffin takalma, a naɗi bayanin dattawan sana'ar. Muna kira ga masarautun yankin da gwamnatin Zamfara su fara.