Mai Sharhin Ƙwallo ko Maroƙin Ƙungiya?

Duk ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Agege, ko Sabon Ibadan, ko bakin gadar Anaca, ya san darajar muryar da ke iso masa daga gida ranar Lahadi da la'asar. Shi dai ba ya filin wasa. Abin da mai sharhi ya faɗa masa, ta rediyo ko ta wayar da ke aljihunsa, shi ne wasan. In an ce masa alƙalin wasa ya yi zalunci, haka zai kwana da shi, gobe kuma ya kai kasuwa yana rantsuwa a kansa. Wannan amana ce babba, don haka ya wajaba mu tambaya, wa ke biyan mai wannan murya?

Mu ɗauki Lafiya misali. Ƙungiyar Nasarawa United, wadda aka kafa a 2003, shekara 7 bayan ƙirƙiro jihar a 1996, mallakar gwamnatin jiha ce. Gidan rediyo da talabijin na jiha, watau NBS, shi ma nata ne. Jami'in watsa labarai na ƙungiya kuwa, irin wanda a zamanin nan yake aika bayanin wasa ta Facebook, ma'aikacin ƙungiya ne. Ashe ɗan wasa da mai ba da labarinsa baitulmali guda ke ciyar da su. Haka abin yake a yawancin jihohin da gwamnati ke riƙe da ƙungiya, kamar Kano Pillars da Wikki Tourists ta Bauchi. Babu mutumin da muke tuhuma da sunansa. Tsarin muke tuhuma, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ran da abu ya yi kyau, ba a ganin wannan aibi. Da Nasarawa United ta zo ta biyu a gasar ƙasa a 2006, da ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a filin Teslim Balogun na Legas a 2016, inda IfeanyiUbah ta doke ta da bugun fenariti, da ta sake kaiwa a Benin a 2021, yabo da gaskiya hanyarsu ɗaya, kowa na iya zama gwanin sharhi. Jarrabawar tana irin shekarar 2023, lokacin da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, kafin ta komo a 2024. A irin wannan shekara mai sauraro na son sanin ko an biya 'yan wasa haƙƙinsu, wa ya sayo wane kuma a kan nawa, don me ake ci a gida a kasa ci a waje. Amsar kowace tambaya tana bi ta ofishin wanda ke sa hannu a takardar albashin mai sharhi. Yaya zai yi?

Kada a ce raunin mutanenmu ne. A Amurka, ran 22 ga Satumba 1966, mutum 413 kacal suka shiga katafaren filin ƙungiyar Yankees ta New York, masu wasan nan na dukan ƙwallo da kulki. Mai sharhinsu, Red Barber, ya nemi a nuna kujerun da ba kowa, aka hana, sai ya faɗa da bakinsa. Cikin 'yan kwanaki aka sanar da shi ba za a sabunta aikinsa ba, bayan ya haura shekara 30 yana wannan sana'a. A 2023 ma an janye Kevin Brown daga sharhin wasannin Baltimore Orioles na wani lokaci, bayan ya ambaci yawan kayen da ƙungiyar ta sha a wani fili a shekarun baya, alhali alƙaluman gaskiya ne. In haka ta faru inda akwai ɗaruruwan tashoshin da mutum zai koma, ina ga ƙaramin ma'aikaci mai iyali a garin da gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki?

A tuna kuma da abin kunyar Yuli 2013 a Bauchi, ran da Plateau United Feeders ta ci Akurba ta Lafiya 79 da nema, Police Machine kuma ta ci abokiyar karawarta 67 da nema, har hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara 10. A ce mai sharhi na wannan fili, kuma abincinsa na hannun masu cin, me zai gaya wa jama'a a ƙwallo ta 40? Cewa yaran sun ƙware?

Wasu za su ce ai son ƙungiyar gida ba laifi ba ne. Mun yarda. Marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya bai taɓa ɓoye ƙaunarsa ga Green Eagles ba, shi ya raɗa wa Segun Odegbami da Christian Chukwu laƙabin da har yau ake kiransu da shi. Mai sharhi ya yi ihu in gida ta ci, ba mu hana ba. Amma fenaritin da bai halatta ba, a ce bai halatta ba, ko da gida aka ba. In 'yan kallo sun jefi alƙalin wasa, a ce sun jefe shi, a daina cewa "an ɗan sami hatsaniya".

Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun ce ƙwararren ɗan jarida ne ke yanke abin da zai zama labari, sun kuma hana karɓar na goro don a danne shi. Saboda haka muna kira ga ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ta marubuta wasanni, SWAN, reshen Nasarawa, su tsaya a kan cewa duk wanda ƙungiya ke biya, ko ke ɗaukar masa mota da masauki zuwa wasan waje, a sanar da masu sauraro haka a farkon shiri. Gidajen rediyo kuma su riƙa biya wa wakilansu kuɗin tafiya daga aljihunsu, su kuma ba su a rubuce cewa ba za a canja wa kowa wurin aiki ba don ya tambayi shugaban ƙungiya inda kuɗin 'yan wasa suka shiga.