Jami'o'in Biranen Amurka Da Sababbin Filayen Wasa: Wa Ke Ci, Wa Ke Biya?

Wani abu yana faruwa a manyan biranen Amurka wanda ya cancanci a tsaya a duba shi da idon basira. Jami'o'in da ke tsakiyar birni, waɗanda suka shekara da shekaru suna hayar filayen ƙwararrun 'yan wasa, yanzu da dama daga cikinsu suna neman gina nasu filin a harabarsu. Wasan da ake nufi shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake runguma a hannu ana gudu da ita, kuma wasan ɗalibai a can yana tara dubban 'yan kallo da kuɗin talabijin masu yawa.

Dalilinsu a fili yake. Jami'ar Tulane da ke New Orleans ta yi wasanninta daga 1975 zuwa 2013 a Superdome, filin da ke ɗaukar mutum fiye da 70,000. Idan mutum 20,000 suka zo, sai wurin ya zama kamar kasuwar da ta watse, ga nisa ga ɗalibai. A 2014 ta buɗe filin Yulman mai ɗaukar mutum 30,000 a harabarta. Jami'ar Minnesota ma ta bar Metrodome ta buɗe nata a 2009, kan kuɗi kimanin dala miliyan 288. Jami'ar Houston ta buɗe sabon nata a 2014, ta San Diego State a 2022, ita kuwa ta South Florida da ke Tampa ta fara ginin nata a 2024 kan kimanin dala miliyan 340. Shugabanninsu na cewa mai fili shi ke cin kuɗin tikiti, na ajiye motoci da na talla, kuma tsofaffin ɗalibai sun fi buɗe aljihu idan suna dawowa makarantarsu kallon wasa.

To, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙungiyar jami'a tana yin wasa shida ko bakwai ne kacal a gida cikin shekara, alhali kuwa bashin ginin ana biyansa shekaru masu yawa. Jami'ar Akron a jihar Ohio ta buɗe fili mai ɗaukar mutum 30,000 a 2009 kan sama da dala miliyan 60, amma 'yan kallo ba su cika shi kamar yadda aka yi zato ba. A 2015, cikin matsin kuɗi, jami'ar ta soke guraben aiki fiye da 200. Ba filin kaɗai ya jawo haka ba, sai dai ya ƙara wa kaya nauyi. A wurare da dama ana cike giɓin ne da kuɗin da aka ɗora wa kowane ɗalibi, ko yana kallon wasa ko ba ya kallo.

Abu na biyu shi ne maƙwabta. Jami'ar ƙauye tana da daji a bayanta, ta birni kuwa katangarta na jikin gidajen mutane. Jami'ar Temple a Philadelphia ta shirya gina fili mai ɗaukar mutum 35,000 kan dala miliyan 130 a arewacin birnin, unguwar da yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne marasa ƙarfi, kuma shirin ya haɗa da rufe wani yanki na titi. Mazauna unguwar, da ɗalibai, da limaman coci-coci suka tashi suka ce ba su yarda ba, saboda hayaniya, cunkoson motoci, shara, da tsoron hauhawar kuɗin haya da zai kore su daga gidajen da suka gada. A 2018 shirin ya tsaya, jami'ar ta ci gaba da hayar filin ƙungiyar Eagles.

Darasin nan shi ne, filin wasa ba laifi ba ne, amma kafin a sa harsashi tilas a amsa tambaya biyu a gaban jama'a: daga aljihun wa kuɗin zai fito idan 'yan kallo ba su zo ba, kuma an nemi yardar wanda za a gina a ƙofar gidansa? Ɗalibin da ya ci bashi ya shiga makaranta ya zo neman ilimi ne, kuma tsohuwar da ke zaune a unguwar tun kafin a haifi shugaban jami'ar tana da haƙƙin a ji ta bakinta. Jami'ar da ta tsallake waɗannan biyu, ko ta cika fili ranar Asabar, sauran kwana shida na mako za ta zauna da bashi da fushin maƙwabta.