Maganin tsofaffi a Amurka: sauƙi na tafe a 2026, amma sai an buɗe ido

Wani kawuna da ya shekara fiye da ashirin yana tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York ya kira ni a waya kwanan baya. Ciwon suga da hawan jini sun tasa shi gaba, ya kuma haura shekara 65. Ya ce: "Ɗana, an ce magani zai yi araha daga watan Janairu. Gaskiya ne, ko ko zancen ƴan siyasa ne?" Na ce masa gaskiya ne, kawu, amma akwai sharaɗi. Tun da yawancinmu ba ma rasa wani dattijo a can, bari mu duba lamarin.

Shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga masu shekara 65 zuwa sama, an kafa shi a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Sashen da ke biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta, mai suna Part D, bai soma aiki ba sai a 2006. Dokar da ta kafa shi ta hana gwamnati ciniki da kamfanonin magani a kan farashi. Ka ji fa: babban mai saye a kasuwa, amma an hana shi tayawa.

Dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a 2022 ce ta kwance wannan ƙulli. Daga 2023 allurar insulin ba ta wuce dala 35 a wata ga mai Medicare. A 2025 aka sa iyaka ga abin da tsoho zai biya daga aljihunsa a shekara: dala 2,000. A 2026 iyakar za ta koma dala 2,100, wato sama da miliyan guda na sefa. Da yawa a idonmu, amma kafin wannan doka babu iyaka sam.

Babban sauyin shi ne daga ranar 1 ga Janairun 2026 sabon farashin magunguna 10 da gwamnati ta yi ciniki a kansu zai soma aiki. Ragin ya kama daga kashi 38 zuwa 79 cikin ɗari na farashin da kamfanoni suka sa. Januvia, maganin suga, zai sauko daga dala 527 zuwa 113 na wata guda. Eliquis, mai hana jini daskarewa, daga 521 zuwa 231. A 2027 wasu 15 za su biyo baya, har da Ozempic.

To ina sharaɗin? Ba gwamnati ce ke miƙa maganin da kanta ba. Kamfanonin inshora masu zaman kansu ne ke tafiyar da Part D, kowane da jerin magungunan da yake biya. Iyakar dala 2,100 ta shafi abin da ke cikin jerin kaɗai, kuma kuɗin wata-wata da ake biyan kamfanin ba ya cikin lissafi. Tun da nauyi ya ƙaru a kansu, ni a ganina kamfanonin za su nemi fanshewa ta wata ƙofa: ƙarin kuɗin wata, ko cire wani magani daga jeri. Damar sauya kamfani kuwa daga 15 ga Oktoba ne zuwa 7 ga Disamba. Wanda ya ajiye wasiƙarsu bai karanta ba, sai a farmasi zai ji labari.

Abu biyu sun fi shafar mutanenmu. Na farko, Part D ba ya biyan maganin da aka saya a wajen Amurka. Dattijon da ke zuwa gida ya yi watanni, sai ya yi tanadi kafin ya taso. In kuma ya bar inshorar ta yanke har kwana 63, tarar da za a ɗora masa tana iya bin sa muddin yana cikin shirin. Na biyu, dokar kasafin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a Yulin 2025 ta taƙaita Medicare ga ƴan ƙasa, masu takardar zama ta dindindin da wasu rukunoni ƙalilan. Masu mafakar siyasa da ba su samu wannan takarda ba za su fita, ko da sun yi shekaru ana yankar haraji a albashinsu.

Kamfanonin magani sun kai ƙara kotu, suna cewa cinikin tilas ne kuma zai rage binciken sabbin magunguna. Hujjar ba ta gamsar da ni ba, don gwamnatocin Faransa da Ingila sun daɗe suna ciniki, magani bai ɓace musu ba.

Abin da na gaya wa kawu shi ne ya tara kwalayen maganinsa, ya sa ɗiyarsa ta duba jerin kamfaninsa na 2026 ɗaya bayan ɗaya kafin 7 ga Disamba. Mai dattijo a can, ya ɗaga waya ya tuna masa.