Itacen Kirsimeti a Garin Hamada

A Finiks, babban birnin Arizona cikin hamadar Amurka, ruwan shekara duka bai cika wuce inci 8 ba. Amma kowane Disamba motoci kan kwaso sararrun itatuwa masu ganye kamar allura daga Oregon, tafiyar fiye da mil 1,000, mutane su saya su ƙawata ɗaki da fitilu.

Manomi kan yi shekara 7 zuwa 10 yana renon itacen nan. A iskar hamada kuwa, wata guda ya bushe, har a ji tsoron gobara. Ai wannan asara ce.

Masu dabara kan sayi mai rai a tukunya, irin da ake kira na Afganistan, mai jure fari. Bayan biki su dasa shi a gida. Ga ado, ga inuwa. Su ne suka ci riba.